Ɗan'uwa rabin jiki

A azumin 2023, lokacin da zafin Yamai ke sa mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa kafin ya samu barci, na ga Yaya yana shan ruwa da murfin gora. An kira magariba, mu da muka kai azumi muna ta kwankwaɗar ruwan ƙanƙara da kunun tsamiya, shi da ba ya azumi yana gefe kan tabarma. Ya tsiyaya ruwa a murfin, ya kurɓa, ya bar shi cikin baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Abin da lokotoro ya yarje masa a wuni bai fi rabin lita ba, ciki har da na shan magani, har da romon miya. Wanda ƙodarsa ta tsaya ba ya fitar da ruwa. Abin da ya sha yana nan cikin jiki, ya kumbura ƙafa, ya hau huhu, sai ranar wanki na'ura ta zuƙe shi.

Wata bakwai ke nan da ya fara wankin ƙoda, diyaliz kamar yadda ake faɗa a asibiti. Direban babbar mota ne, ya fi shekara ashirin yana hanyar Kwatano. Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda biyun a ɓoye. Ciwon kai yake ji, sai ya tsayar da mai tallan magani a tasha ya sayi ƙwaya ya watsa, ya ci gaba da tuƙi. Ranar da aka gano, aikin gama ya riga ya gama. Sau biyu a sati muke ƙetara gada, ya kwanta awa huɗu, jininsa na fita ta tiyo ɗaya yana komawa ta ɗaya. An haɗa masa jijiyoyi biyu a hannun hagu don allura ta samu wurin shiga, in ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji yana gurnani kamar kyanwa. Ƴaƴana har rige-rigen taɓawa suke yi.

Ni ce mai rakiya, don ni ce na yi nisa a lekol a ɗakinmu. Malamar firamare ce ni, ni ke jin faransancin likitoci, saboda haka ni lokotoro ya fara gaya wa. Ya ce na'ura riƙon ƙwarya take yi, in ana so mutum ya koma harkarsa sai dashe. Ƙoda biyu gare mu, ɗaya na isar mutum. Wadda ta fi kamawa kuwa ita ce ta wanda kuka fito ciki ɗaya: tsakanin shaƙiƙai, cikin huɗu ana sa ran ɗaya ya dace gaba ɗaya, biyu su dace rabi. Har ya ba ni labarin dashen farko da ya yi nasara a duniya, a Boston ta Amurka a 1954, tagwaye ne, ɗaya ya ba ɗaya. Ya tambaye ni mu nawa ne. Na ce shida. Ya ce, "Madam, ku masu arziki ne. Ku je ku yi shawara a gida."

Shi a ganinsa maganar dare ɗaya ce. Sati uku na yi da ita a ciki ban furta wa kowa ba.

A gidanmu ko rancen jikka goma za ka nema wajen ɗan'uwanka, ba ka tunkararsa ido da ido. Aika wani kake yi, don in zai hana ya hana ba tare da an ji kunyar juna ba. To ina ga tsokar jikinsa? In ka tambayi mutum a gaban jama'a ka ɗaure shi: ko ya amsa don kara ya tafi yana ƙullace da kai, ko ya ƙi ya shiga bakin dangi har jikokinsa. Shi ya sa ba wanda ya tambayi kowa. Duk wanda ya ji maganar dashe sai ya ce Allah ya kawo mafita, a shafa, a tashi. Kullum muna cewa ɗan'uwa rabin jiki, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya faɗi wane rabin ba.

Na fara da abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Na je wani ɗakin awo nesa da unguwarmu na ba da jini. Rukunina O ne, na Yaya A, kuma mai O yana iya ba kowa. Na ninke takardar na sa cikin littafin darasi, ta kwana biyar a nan kafin na nuna wa maigidana.

Na bari sai da ya ci tuwo, yara suka yi barci. Ya karanta takardar sau biyu, alhali abin da ke ciki bai wuce harafi ɗaya ba. Abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Ba shi da ƙanne maza?" Wannan tambayar na sake jin ta a bakin mutum ya fi goma, maza da mata, har da abokan aikina masu digiri. Sai ta biyu: "Hajiya ta sani?" Bai ce a'a ba. A tsawon al'amarin nan, in ban da mutum ɗaya, ba wanda ya taɓa ce mini a'a. Kowa miƙa ni yake yi ga na gabansa.

Hajiya, uwar mijina, ba ta da ƙeta, kuma tana son Yaya, shi ke kawo mata manja da atamfa daga Kwatano. Amma ƴaƴana uku duka mata ne, ita kuma ta ƙagu ta ga mai sunan marigayi mijinta. Ba ta yi mini maganar ba. Ɗanta ta yi wa, shi ya kawo mini: wai macen da aka cire wa ƙoda mahaifarta bushewa take yi. Na ce to mu je ka ji da kunnenka. Lokotoro ya juya takardar magani ya zana masa inda ƙoda take, can baya ƙarƙashin haƙarƙari, da inda mahaifa take. Ya ce mata da yawa sun haihu bayan sun bayar, sai dai a jira kamar shekara, kuma in ciki ya samu a riƙa awo a kai a kai, don haɗarin hawan jinin masu ciki yana ɗan ƙaruwa. Ya ce wadda ta rage girma take yi ta ɗauki aiki, har mutum ya koma wajen kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin da yake da shi da biyu, kuma wannan ya ishe shi rayuwa. Maigida ya ce, "Ana mutuwa?" Ya ce ana yi, wajen mutum 3 cikin 10,000 a dalilin aikin. Na ji daɗi da bai ɓoye ba. Na san mijina, da an ce masa ba a mutuwa, da bai yarda da sauran bayanin ba.

Muna dawowa a kan babur, tsakiyar gadar Kennedy, iska na kwashe rabin maganar, ya ce, "In Innarku ta yarda, ni ba zan hana ki ba."

Ƙanne mazan da ake ta tambaya, biyu ne tsakanina da Yaya. Ƙanwata na da tsohon ciki lokacin, autanmu kuma sikila gare shi, su ba a ma sa su a lissafi ba. Cikin mazan biyu, ɗaya yana Abijan, ciranin da Adarawa suka gada, shekara shida bai zo gida ba. Da labari ya kai masa sai ya aiko da kuɗi masu kauri, kowa ya gane amsarsa ke nan. Ɗayan magini ne a nan Yamai, mata biyu, ƴaƴa tara, in bai ɗauki bulo yau ba, gobe ba a ɗora tukunya. Shi ya kai kansa awo, ba wanda ya aike shi. Bayan kwana goma aka ce bai dace ba.

Ranar da aka fara nawa awon, lokotoro ya sa matar Yaya ta fita, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Duk lokacin da kika ji ba ki so, ko ana gobe aiki ne, ki gaya mini ni kaɗai. Zan ce wa danginki ba ki dace ba, ba wanda zai san dalili." Ya ƙara da cewa ba ni kaɗai ba, duk wanda ya zo bayarwa haka yake gaya masa. Na fito ina tunanin ɗan'uwana magini. Har yau ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba. In ta wannan ƙofar ya fita, ban ga laifinsa ba. A ganina ma, duk cikin tsarin likitocin nan ba abin da ya dace da halinmu kamar ita, don ita ce ɗan aiken da muka saba da shi.

Bayan Sallar Layya aka yi hutun makaranta, na hau kar ɗin asuba zuwa Tawa. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sannan a karya arewa, kilomita wajen 550. Mahaifinmu ya rasu tun ina aji biyar, Baffa ne uban gida. Ya tara maza a zaure bayan isha'i. Ni da maganar ta shafa ban shiga ba, ina bakin ƙofar cikin gida kan kujera ƴar tsugunno, Gwaggo na tsakani tana kai magana tana kawowa, ko da yake duk muna jin juna sarai.

Daren nan ba irin maganar da ban ji ba. Wani kawunmu ya kawo labarin da ya ji a rediyo, na sanatan Najeriya Ike Ekweremadu, wanda kotun Ingila ta ɗaure shekara tara da wata takwas a watan Mayu saboda ya kai wani yaro ɗan talla daga Legas zuwa Landan don a cire ƙodarsa a sa wa ɗiyarsa. Ya ce ga irin abin da ake faɗawa. Na ce Gwaggo ta gaya masa wancan yaron sayensa aka so yi, ni kuwa nono ɗaya muka sha. Wani ya ce in an buɗe mutum a ƙasar waje, wa ya san abin da za su ɗebe bayan ƙodar. Ɗan Baffa da ya yi karatu a Faransa ya so ya taimake ni, sai ya ɓata rawarsa da tsalle: wai can tun 1976 doka ta ɗauki kowa a matsayin mai bayarwa in ya mutu, sai fa wanda ya nuna bai yarda ba tun yana raye. Zaure ya ɗauki salati. Baffa ya ce, "Shi ya sa muke tara kuɗɗi a maido muna gawarmu gida." Mu da mutum ke rasuwa da hantsi a rufe shi kafin la'asar, zancen taɓa gawa ba shi da wurin zama a zauren nan, kuma saura kaɗan ya tafi da tawa maganar, ni mai rai.

Sai can dare Baffa ya faɗi abin da ke ransa, murya ƙasa-ƙasa. "Wanga abu, in ya yi kyau, to. In bai yi ba, mi za mu ce ma mutanen mijinta? A ce mun yanka ɗiya mace mun ceci namiji? Ita yanzu ba tamu ba ce mu kaɗai." A nan gizo ke saƙa. Abin da za a ce ya fi ba shi tsoro a kan wuƙar likita. Jikin da nake gani nawa ne, ashe mijina na da rabo a ciki, uwarsa na da rabo, ƴaƴana na da shi, har ɗan da ban haifa ba an ware masa kasonsa.

Da aka rasa ta cewa, aka ce a tambayi malamai. In ina ba mutane labari suna zaton nan ne aka sha wuya. Wuni ɗaya ya ɗauka. Limamin unguwarmu, tsohon da ya karantar da mu duka, ya ce shi abin da ya sani jiki amana ne, kuma ba ka kyauta da abin da ba naka ba. Ya kawo hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma ya ce wannan sabon al'amari ne, a kira wani almajirinsa da ya yi Jami'ar Musulunci ta Sayi. Shi kuma ya zo da la'asar, ya zauna ƙasa da malaminsa, ya ce majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, bisa sharuɗɗa. Mai bayarwa ya zama baligi mai hankali, da yardar kansa. Kada abin da za a cire ya zama wanda ransa ya rataya a kai, kamar zuciya. Amfanin ya rinjayi cutarwar, kuma ba saye ba sayarwa. Bai ɓoye saɓani ba, ya ce Shehu Sha'arawi na Masar bai yarda ba, kuma hujjarsa ita ce wadda Liman ya faɗa. Ya karanta ayar nan ta Ma'ida, wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Gwaggo daga bayan ƙofa ta jefo tambayar da ke cin ranta tun jiya: ranar tashin ƙiyama, ƙodar a jikin wa za ta tashi? Liman da kansa ya amsa, har da murmushi. Ya ce wanda zai tara ƙasusuwan da suka rududduge ba zai ɓata lissafi kan ƙoda guda ba.

Baffa ya shafa gemu ya ce, "To, mu ba mu ce a yi ba, ba mu ce a bari ba. Uwassu ta yanke."

Yaya ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma Inna mutuniyar da ce, tata ba ta da sassauci. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kakarmu ce ta riƙe shi tun daga yaye. In za ta yi zancensa sai ta ce "mutumen nan na Yamai", ko "wancan". Tun da ya kwanta sau ɗaya ta zo dubiya. Ta tsaya bakin ƙofar ɗaki ta gaida matarsa, ta tambayi yara, ta ce Allah ya ƙara sauƙi kamar mai gaida maƙwabci, ta juya. Daren nan na ji ta a bayan ɗaki tana kuka cikin gyale don kada a ji. Wannan matar aka ɗora wa hukunci: ko ta ce a yanka ɗiyarta saboda ɗan da ba ta iya kiran sunansa, ko ta ce a bar shi.

Na same ta da hantsi tana tsinke zogale cikin ƙwarya. Na zauna na sa hannu muna yi tare, na faɗa mata komai, har da mutum ukun nan cikin dubu goma. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni mi nawa ciki?" Can ta ce, "Ɗiyanki ƙanana ne." Na ce nasa ma ƙanana ne. Ta ce zogalen nan duk ya tsufa, ba zai yi daɗin kwaɗo ba. Shi ke nan. Kwana uku na ƙara a gidan, ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Na haɗa kayana ina ganin tafiyar banza na yi.

Da asuba, ɗan kabu-kabu na jira a waje, ta kira ni ɗaki ta sa mini ƙullin tsumma a hannu. Ƴan kunnenta ne na zinariya da ta sayo a Makka, da kuɗin saniyarta, ashe a ɓoye ta sa an kai ta kasuwa. Ta ce, "Ki kai ma mutumen nan, ya ƙara a kuɗɗin mota." Na juya zan fita, ta ce, "Ke kuma ki riƙa cin abinci. Kada su iske ki ba jini." Tun daga Tawa har Ƙonni ina kuka, wata tsohuwa da ke kusa da ni tana ta yi mini ta'aziyya.

Ban daɗe da dawowa ba sojoji suka karɓi mulki, ranar 26 ga Yuli. Aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, magani ya yi wuya a gari, a watan Agusta aka rufe sararin sama kusan wata guda. Abokan aikin Yaya suka maƙale da motocinsu a Malanbil. Kowace ranar wanki da faɗuwar gaba muke fita. Cikin wannan hali ne ya bayyana cewa na bi kowa neman izini, na tsallake mutum ɗaya.

Ba wanda ya gaya wa Yaya. Kowa na zaton wani ya faɗa. A bakin matarsa ya ji, ita da tun farko ta so ta ba da tata, sai jininta B bai hau nasa ba. Ya aiko a kira ni. Na same shi zaune, ƙafafu a kumbure, ya ce, "Ke, wa ya aike ki?" Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shi ya goya ni, shi ya saya mini allo da takalmin zuwa lekol, shi ya tsaya mini ranar aurena, yanzu a ce ya kwanta a yanka ƙanwarsa a ɗinka masa? Gara ya mutu da mutuncinsa. Shi ne mutum ɗayan da ya ce mini a'a ƙiri-ƙiri. Na yi kuskure na ce ai bashi nake biya, shi ya riƙe ni shekarun da na yi a makarantar horon malamai. Ya ce ashe duk abin da ya yi mini rance na ɗauke shi. Kwana goma sha biyu bai amsa gaisuwata ba. Ina raka shi wanki, yana kallon tagar taksi.

Tun yana yaro an gina shi kan cewa babba ke bayarwa. Bai san yadda ake miƙa hannu a karɓa ba, balle daga na ƙasa, balle mace. Na aika amininsa, na aika limamin masallacinsu, duk a banza. Na kai masa ƙullin Inna, ya ce in mayar mata da kayanta. Sai na kira ta a waya ina zaune gabansa, na buɗe murya, na ce ya ce a maido. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ta ce, "Ki hwaɗa ma wancan, abin da na aiko ba a maido min shi." Ta kashe. Shekararsa arba'in da huɗu, ina jin ba ta taɓa yi masa magana kusa haka ba. Ya ja hula ya rufe fuska. Washegari ya sa matarsa ta tambaye ni yaushe ne awo na gaba.

Abin da ya rage aikin allura ne da takarda. Awon suga, na ciwon hanta, na ƙanjamau, na zuciya, hoton ƙirji, eko, da sikanar da aka zuba mini wani ruwa a jijiya na ji ɗumi har tafin ƙafa. An ba ni jarka in tara fitsarin awa 24, na yi ta ɓoyon ta don kada Hajiya ta gani. Indiya muka zaɓa, inda wani abokin Yaya ya taɓa kai mahaifinsa. Aka sayar da filinsa na bayan gari, aka haɗa da na Abijan da na Inna, direbobi ƴan'uwansa suka yi karo-karo.

Dokar Indiya ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, kuma baƙo ba ya samun dashe sai wani kwamiti ya tabbatar da dangantakarsa da mai ba shi. Nan muka ci karo da abin dariyar da ya cinye mana sati biyar. Ni a asibiti aka haife ni, ina da takardar haihuwa. Yaya a gida, tasa ta kotu ce, irin wadda ake rubuta "wajajen 1979". Sunan Inna a tawa daban, a tasa daban, wani magatakarda ya ji da kunnen faransanci ya rubuta yadda ya ga dama. A takarda dai ni da Yaya ba uwarmu ɗaya ba. Sai da aka koma Tawa da shaidu biyu aka gyara, aka juya komai zuwa turanci, ofishin jakadancinmu na can ya buga hatimi. Asibitin ya nemi takardar yardar mijina da tsofaffin hotunan da muke tare. Guda muka samu, na ranar aurena, yana tsaye bayana ya haɗe rai kamar wanda aka yi wa dole.

A watan Janairun 2024 muka tashi, ta Adis Ababa. A can aka sake awo daga farko, aka haɗa jinina da nasa a ga ko nasa zai yaƙi nawa. Bai yaƙa ba, kuma rabi muka dace. Ranar kwamiti ni kaɗai aka shigar, mutane a jere bayan tebur, kyamara na ɗauka, tafinta na juya mini zuwa faransanci. Sunan kakanmu, ƴaƴan Yaya nawa, wa ya biya kuɗin jirgi, me ya yi alkawarin ba ni. Daga ƙarshe wata mai tabarau ta ce akwai wanda ya matsa mini? Dariya ta kuɓuce mini. Na ce wa tafinta ya gaya mata wata tara na yi ina roƙo a bar ni.

A ɗakin jira dariyar ta ƙare. Masu bayarwar da na gani kusan duk mata ne, uwaye, matan aure, ƴan'uwa mata, masu karɓa kuwa galibi maza. Na haɗu da wata Bahaushiya daga Najeriya, mun gane juna ta lalle da ɗaurin kallabi. Mijinta za ta ba. Na ba ta labarin zaure da Baffa da Inna tana saurare, sai ta ce, "Ke kin ji daɗi, an tsaya an yi gardama a kanki. Ni ba wanda ya tambaye ni. Cewa aka yi ai ga matarsa nan." Tana da kishiya, tana da ƴaƴa biyar, ta san in ta ƙi ba ta da sauran zama a gidan. Shirun nan namu da ya kusa hana ni tafiya, ita shi ya kawo ta har Indiya. Na gaya mata ƙofar da lokotoro ya nuna mini a Yamai, na ce ta nemi ganin likita ita kaɗai. Ta ce, "In na ce ban dace ba, wa zai ba shi?" Ranar da aka sallame ni na hango ta a keken marasa lafiya, ta dafe gefen hagu.

Ni ma ta hagu suka ɗauka, ita aka fi ɗauka don jijiyarta ta fi tsawo. Ƙananan huji uku da yanka ɗaya a ƙasan mara. Shi ba a cire masa nasa ba, an bar su inda suke, aka dasa tawa ta gaba, a ƙasan cikinsa. Yanzu uku gare shi, ni ɗaya, kuma shi ya fara wannan barkwancin, ba ni ba. Da na farfaɗo matarsa ce a kaina, kuka da dariya a haɗe, tana cewa jakar fitsari ta cika, ta cika har an sauya. Ban taɓa zaton zan ga ranar da za a yi wa fitsari guɗa ba.

Sati shida ban ɗauki abu mai nauyi ba. An hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda suka cika tiren masu talla, kuma kowace shekara ina awon jini da fitsari. Azumin 2024 ya zo wata biyu bayan aikin, likita ya ce in bari, na rama cikin sanyi. Hajiya ta zo dubiya da kaji biyu, yanzu tana gaya wa maƙwabta ita ce ta ƙarfafa mini gwiwa, ban musa ba. Yaya ya bar hanyar Kwatano, ya buɗe ɗan shagon kayan mota. Bai taɓa yi mini godiya ba, da ya yi ma kunya zan ji. Sai dai in na shiga gidansa yakan sa a kawo mini kujera, ni da na saba da tabarma. Da na je Tawa, Inna ta biyo ni ɗaki ta ce in ɗaga riga. Ta bi tabon da yatsa ta ce, "Ashe ƙarami ne." Sannan, idonta na kan ƙofa, "Mutumen nan yana cin abinci?"

Sau uku ke nan matan da ban sani ba suna sallama gidana, wai gaisuwa suka zo. Sai an sha ruwa, an yi zancen tsadar shinkafa, sannan su ce wata ƙawarsu ce ke tambaya. Kafin in faɗi komai nakan ce: ita ƙawar taki, ita ke so, ko cewa aka yi ga ta nan?

Maganin Yaya har ƙarshen rai ne, takrolimus safe da dare, awa goma sha biyu tsakani, don kada jikinsa ya gane baƙuwa ce ya kore ta. Yana da tsada, kuma ba a fashi ko na kwana ɗaya. Kowane farkon wata ɗan'uwana magini yana zuwa bayan magariba, da ƙurar siminti a girarsa. Gidana yake zuwa, ba gidan Yaya ba. Ya zauna bakin ƙofa, yara su kawo masa ruwa, mu yi hirar tsadar ƙarfe da wanda ya yi aure da wanda ya rasu a Tawa. In zai tashi sai ya tura ƙullin leda ƙarƙashin tabarma ya ce, "A ƙara a na farmasi. Kada ki ce ni ne." Watan jiya jikka talatin ne a ciki, da ƴan canji.